Ɓaure a wajen Bani Isra'ila: inuwar da ake auna zaman lafiya da ita

A makon da ya wuce, bayan sallar La'asar a Hausari, wani ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa Allah ya rantse da ɓaure a farkon Suratut Tin, sura ta 95. Amsar wannan ta malamai ce. Ni dai na ga ya kamata in rubuto mana yadda Bani Isra'ila suka ɗauki wannan itace, domin a ƙasarsu ya fi yin suna.

Ɓaure iri biyu ne a littattafansu. Akwai na lambu mai zaƙi, wanda Larabawa ke kira tin. Littafin Attaura da ke hannun Yahudawa ya lissafa shi cikin amfanin ƙasa guda bakwai, tare da alkama, sha'ir, inabi, rumman, zaitun da zuma. Da ganyensa ne, in ji Littafin Farawa, Adamu da Hauwa'u suka rufe tsiraicinsu. Alƙur'ani bai ambaci sunan ganyen ba, amma wasu malaman tafsiri sun ce na ɓaure ne.

Na biyun kuwa shi ne namu na bakin rafi da fadama, wanda muka ci muna yara ba tare da mun buɗe cikinsa ba, don kowa ya san akwai ƙwari. A can ma abincin talaka ne. Amos, wanda Yahudawa ke lissafawa cikin annabawansu, ya rayu a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ya ce shi makiyayi ne mai kula da irin wannan ɓaure. Aikin shi ne a tsaga 'ya'yan da wuƙa suna ɗanye don su nuna da wuri. Wannan talaka ne ya tsaya yana faɗa wa masu kuɗi gaskiya kan zaluntar marasa ƙarfi. A Linjila ma, irin wannan itace gajeren mai karɓar haraji ya hau a Yariko don ya hango Annabi Isa.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne maganar inuwa. Da marubucin Littafin Sarakuna ya so nuna albarkar zamanin Annabi Sulaiman, ya ce kowa na zaune lafiya a gindin inabinsa da ɓaurensa. Mika da Zakariya sun maimaita wannan hoto a matsayin alƙawarin lokacin da yaƙi zai ƙare. Dalilin a fili yake ga duk manomi: gero wata uku ne, amma ɓaure sai an yi shekaru ana jira. Wanda ke tsoron a kore shi gobe ba ya dasa shi. Shi ya sa idan annabawansu za su yi gargaɗin azaba, sai su ce ɓaure zai bushe. Bayan da Bukhtanasar ya kwashe manyan Ƙudus zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa, Irmiya ya kwatanta mutanensa da kwando biyu na ɓaure, kuma masu kyau ɗin su ne waɗanda aka kora daga gida. Har shugaban Amurka na farko, George Washington, ya ari maganar inuwar a wasiƙarsa ga Yahudawan garin Newport a 1790.

Mu ma da itacen wannan dangi muke kirari: gamji ɗan uwan ɓaure ne, haka durumi da ceɗiya, kuma da Gamji muke kiran Sardauna. A nan Maiduguri darbejiya ce ta gaji aikin. Daga 2009 mun ga lokacin da zaman majalisa a gindin itace ya zama abin tsoro, mun kuma ga mutanen Bama da Gwoza sun shigo a 2014 sun bar itatuwan da iyayensu suka dasa. Wani dattijo daga cikinsu da muke sallah tare, duk lokacin da ya ji wani ya dawo daga garinsu, bayan gaisuwa abin da yake fara tambaya shi ne ko ɓauren ƙofar gidansa yana nan.