Mai Kamun Ƙafa da Kundin Tarihi

A ranar 6 ga Yuni, 2011, ɗan majalisar da ke wakiltar Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai da ƙuri'a 252, Mulikat Akande-Adeola ta sami 90. Ba shi jam'iyyarsa ta PDP ta so ba, domin ta keɓe wa Kudu maso Yamma kujerar. Wanda duk ya san siyasa ya san ba a zauren majalisa aka haɗa ƙuri'un nan ba. Wasu ne suka yi ta safa da marwa suna kamun ƙafa. Yau in muka buɗe Wikipedia, za mu ga wanda ya ci da wadda ta faɗi. Masu kai gwauro da mari kuwa, shiru.

Shin mai kamun ƙafa ya cancanci shafinsa a kundin sani? Tarihin Sakkwato yana da abin faɗa. A zamanin daula, sarkin Kano ko na Zazzau yana da ƙofa da yake bi zuwa ga Sarkin Musulmi, kuma Waziri ne wannan ƙofa. Mun san Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello kuma mijin Nana Asma'u, saboda an rubuta shi. Baturen nan Clapperton ya sauka a hannunsa a 1824, ya ba da labarinsa. Shi kansa ya wallafa littattafai. Zuriyarsa, har zuwa Waziri Junaidu, ta adana wasiƙun da Murray Last ya dogara da su a littafinsa na 1967. Amma jakadun da suka ɗauki wasiƙun, suka isar da saƙon baki da ba a sa a takarda, yawancinsu sunayensu sun bi iska.

Kundi ba ya auna girman aikin mutum, abin da wasu suka rubuta a kansa yake aunawa. Ƙa'idar tana da hujja: ba don ita ba, da kowane ɗan kore ya sa an buɗe masa shafi. Sai dai sirri shi ne jarin mai kamun ƙafa, gwaninsu shi ne wanda bai bar sawu ba. Shi kansa Tambuwal a 1999 mataimaki ne ga Sanata Abdullahi Wali kan ayyukan majalisa. Da a nan ya tsaya, wa zai rubuta shi?

Saboda haka ba ƙa'idar za mu sassauta ba, giɓin za mu cike. A Kebbe da Kuchi da Dogon Daji akwai dattawan da suka san wanda ya sasanta wane da wane, da wanda ya yi zarya har aka kawo hanya ko rijiya. Wayoyin hannunmu suna ɗaukar murya. Mu je mu zauna da su, mu rubuta, mu buga, tun suna raye.