Haƙorin roba ko dashe? Tarihin da na tono saboda Goggo

1/ Da na je gida Kahu hutun nan, na tarar Goggona ta daina cin nama, rake ma sai kallo. Turamenta huɗu sun zube. Likita a Kano ya ce zaɓi biyu ne: haƙorin roba na cirewa, ko dashe a cikin ƙashi. Gida ya rabu biyu, ni kuma na shiga tono tarihinsu 🧵

2/ Mu dai haƙorin Makka muka taso muka sani. Alhaji ya dawo da zinare a baki, kowa ya san an sauke farali. Amma wannan ado ne, galibi a kan lafiyayyen haƙori ake lulluɓa shi. Ba ya cike giɓi.

3/ Na cirewa ya daɗe a duniya, kuma da can na masu kuɗi ne. George Washington, shugaban Amurka na farko, da hauren dabba da haƙoran mutane aka haɗa masa nasa. Bayan yaƙin Waterloo a 1815, haƙoran sojojin da suka mutu aka riƙa cirowa ana sayarwa. Wallahi ba wasa nake ba.

4/ Sai a shekarun 1850 da aka fara yin dasashinsa da taurararriyar roba, talaka ya samu shiga.

5/ Dashe kuwa ɗan jiya ne. A 1952 wani likitan Suwidin, Brånemark, ya sa ƙarfen titaniyam a ƙashin zomo don bincike. Da ya zo cirewa, ƙashin ya riƙe shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, kuma da su mutumin ya rasu a 2006.

6/ Ka ga sirrin dashe ke nan: ƙashi. Sai muƙamuƙi na da ƙwari, sai an jira wata uku zuwa shida ya kama, ga tsada. Ciwon suga da ba a kula da shi ba da shan taba suna iya sa ya ƙi kamawa.

7/ Na roba ya fi araha, babu tiyata. Amma yana motsi, kuma ƙashin ƙarƙashinsa yana ci gaba da zaizayewa, dole a riƙa gyara shi.

8/ Goggo tana da suga, giɓin ya shekara goma, ga zirga-zirgar Kano. Na roba muka zaɓa. Jiya ta ci kilishi, a hankali dai.

9/ Kai da haƙorinka ya fita bana, je ka ga likita tun ƙashin bai zaizaye ba.