Noman dankalin turawa na ƙarshen lokaci: shuka a makare, girbi kafin zafi

Dankalin turawa, wanda wasu ke kira kwambitar, asalinsa daga tsaunukan Andes ne na ƙasashen Peru da Bolibiya, inda sanyi ya yawaita. Shi ya sa a ƙasarmu ba ya yin kyau sai a lokacin hunturu, in ban da cikin duwatsun Ayar na jihar Agadas. Garkunan Bonkuku da na Dogon Dutsi sun yi suna wajen nomansa, kuma ana yin sa a fadamu da dama na jihohin Maradi, Tawa da Damagaram.

Lokacin shuka mafi kyau shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Amma manoma da yawa ba su samun wannan lokaci. Wani aikin girbin hatsi da wake ne ke riƙe shi, wani fadamarsa ba ta tsane ba, wani kuwa iri yake jira, domin ingantaccen iri daga Turai yake zuwa, musamman Faransa da Holan, kuma yakan yi jinkiri a hanya. Idan kana cikin waɗannan, ga abin da ya kamata ka sani don kada kuɗin irinka da wahalarka su tafi a banza.

Ka fara da lissafin kwanaki

Dankali yana zuba ƴaƴa sosai ne idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20. Da zafin ya haura haka, ƴaƴan sai su rage girma. In ya kai wajen digiri 30, sai su tsaya, ganye kawai ke yaɗuwa. Yawancin irin da ake kawowa yana bukatar kwana 90 zuwa 110. Wanda ya shuka ran 15 ga Nuwamba, kwana 90 ɗinsa za su cika ran 13 ga Fabrairu, cikin sanyi. Wanda ya shuka ran 15 ga Disamba kuwa, sai 15 ga Maris, lokacin da bazara ta soma shigowa. Don haka tsakiyar Disamba ita ce iyaka. Idan ka kai Janairu iri bai shiga ƙasa ba, girman ƴaƴan zai faɗa cikin zafin Maris, kuma ya fi maka alheri ka sa wani abin daban a filin.

Zaɓen iri da tsirar da shi

Mai shuka a makare ya nemi iri mai saurin nuna, wanda bai wuce kwana 90 ba. Ka tambayi mai sayarwa ko malamin gona sunan irin da yawan kwanakinsa, kuma ka duba takardar da ke jikin akwatin ko buhun. Kada ka ɗauki dankalin ci daga kasuwa ka mai da shi iri: sau da yawa yana ɗauke da cuta, kuma sabon haƙa yakan yi wata 2 zuwa 3 yana barci kafin ya tsira.

Hanya mafi sauƙi ta rage kwanaki ita ce tsirar da iri kafin shuka. Ka baza shi a inuwa mai haske da iska, kada ka tula shi, har idanunsa su fitar da tsiro gajere mai kauri, kamar santimita 1 zuwa 2. Tsiron da ya fito cikin duhu dogo ne fari, yana karyewa wajen shuka. Iri mai tsiro yakan fito daga ƙasa da wuri, kuma kowace rana da ka samu a nan, ka ƙwace ta ne daga bakin bazara.

Ɗan iri mai girman ƙwan kaza, a shuka shi sukutum. Akwati mai kilo 25, idan kowane ɗa ya kai giram 50, yana ɗauke da ƴaƴa 500. Idan irin manya ne za ka iya yankawa, amma kowane yanki ya kasance da ido 2 aƙalla. Ka riƙa tsoma wuƙar cikin ruwan jabel tsakanin wannan da wancan, don wuƙa ɗaya tana iya rarraba cuta a gona baki ɗaya. Ka bar yankakken irin a inuwa kwana 2 ko 3 har gurbin ya bushe.

Gyaran fili da shuka

Dankali yana son ƙasa mai laushi, jigawa mai ɗan laka, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Kada ka sa shi inda ka noma tumatir, tattasai, barkono ko yalo a shekaru 3 da suka wuce, saboda dangi ɗaya ne, cututtukansu ɗaya. Ka kafce ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30, ka zuba takin gida wanda ya ruɓe sosai, kilo 2 zuwa 3 a kowane murabba'in mita, da takin zamani 15-15-15 wajen giram 50. Ɗanyen taki yana ruɓar da iri.

Ka bar santimita 60 tsakanin layi da layi, 30 tsakanin rami da rami. A kan wannan tazara, ƴaƴa 500 za su cika murabba'in mita 90. Zurfin rami santimita 5 zuwa 10, tsiro yana kallon sama. Ka shayar da filin kwana ɗaya kafin shuka, ka yi shukar da yamma.

Ban ruwa da tara ƙasa

Kafin tsiro ya fito, ruwa kaɗan ya isa. In ya yi yawa irin zai ruɓe. Daga lokacin da ƴaƴa suka fara ƙulluwa, wajen kwana 40 bayan shuka, kada ka bari ƙasa ta bushe. A jigawa ana shayarwa kowane kwana 2, da safe ko da yamma, domin iskar hunturu na saurin busar da ƙasa. Ƙishirwa yau, ruwa mai yawa gobe, shi ke sa dankali ya tsage ko ya yi ƙusoshi.

Idan shukar ta kai santimita 15 zuwa 20, ka tara mata ƙasa a gindi, ka sake bayan mako 2. Wannan aiki ya fi muhimmanci ga mai shuka a makare, domin kunya mai tsawo tana kare ƴaƴan daga zafin Fabrairu da Maris, tana hana tsutsar dankali samun hanyar shiga, kuma tana hana su yin kore. Dankalin da rana ta taɓa ya yi kore yana da ɗaci da guba, ba a cin sa. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karmami tsakanin layuka don ƙasa ta riƙe sanyi. Idan za ka ƙara takin ure, ka yi a tarin ƙasa na farko. Bayan nan ure ganye yake ƙarawa, yana jinkirta nuna.

Cututtuka da ƙwari

Ka riƙa juya ganye kana dubawa. Darɓa da jan gizo-gizo mai ƙanƙanta suna ɓuya a ƙarƙashinsa, kuma gizo-gizon yana ƙaruwa idan zafi ya shigo. Idan ka ga wata shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na da danshi, ka yanki kararta ka tsoma cikin kofin gilashi mai ruwa. In wani farin abu kamar madara ya riƙa zubowa, cutar yaushi ce, ba ta da magani. Ka tuge shukar da ƙasar gindinta, ka ƙone ta nesa da garka, kuma kada ruwan wurin ya gangara zuwa sauran fangali.

Girbi da ajiya

Idan ganye ya yi rawaya, ka daina ban ruwa, ka yanke ganyen, ka jira kwana 10 fata ta yi ƙwari. Idan zafi ya riga ya kama, kada ka wuce haka, don ƙasa mai zafi tana lalata dankali. Ka murza ɗaya da babban yatsa: in fatar ba ta saluɓe ba, ya isa haƙa. A haƙa da sassafe, a kwashe zuwa inuwa nan take, a ware masu rauni don ci ko sayarwa da wuri. Kada a wanke wanda za a ajiye.

Ka sani cewa girbinka zai tarar da kasuwa cike, farashi a ƙasa. Ajiya a ɗakin ƙasa mai duhu da iska, a baza a kan busasshen rairayi ana tsince ruɓaɓɓu kowane mako, tana ba ka damar jira na ɗan lokaci. Amma dankalin da ya nuna cikin zafi ba ya daɗewa kamar na fari. Ya fi kyau ka nemi mai saye tun kafin haƙa, ku haɗa kaya da ƴan ƙungiyarku, sannan ku tanadi kuɗin iri ku ba da saƙonsa tun da damina, don shekara mai zuwa ku shuka a Nuwamba.