Lissafin Dukiya a Birnin Katsina

Yaron da ya shiga jami'a don ya koyi sha'anin kuɗi, kafin a nuna masa aikin banki sai an fara zaunar da shi a kan tushen lissafi, watau tarawa da ɗebewa, da ninkawa da rabawa, da sanin kashi nawa ne cikin ɗari. Mutane da yawa suna tsammani Turawa ne suka zo da wannan ilmi. Amma tun kafin su zo, akwai masu yinsa a birnin Katsina, a kasuwa da zaurukan malamai.

Kuɗin mutanen dā wuri ne. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya a ke kawo shi, ya ratso ƙasashe har ya iso ƙasar Hausa. A nan ba a shirya shi a zare kamar yadda a ke yi a bakin teku, sai a zube shi a ƙasa a ƙidaya. Mai ƙidaya ya kan ja biyar biyar da yatsunsa. Biyar sau huɗu hauya ke nan, watau wuri 20. Hauya biyar ɗari. Haka za a yi ta tara tsibi tsibi har a kai zambar ashirin, watau 20,000, shi ne keso guda. Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Katsina cikin 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya kuwa rubuta irin wahalar wannan ƙidaya. A lokacinsa wuri 2,500 ne ke sayen riyal guda ta azurfa a Kano. Kafin ƙarnin ya ƙare sai da aka ba da kusan ninkin haka, domin fataken Turai sun yi ta jibgo wurin Zanzibar a bakin teku har ya yi araha. Wanda ya binne kesonsa a ɗaka shekara arba'in, in ya tono, zai tarar ƙidayar ta cika cif, amma rabin ƙarfinta ya tafi. Abin da a ke kira hauhawar farashi ke nan.

Lissafin da ya fi wannan zurfi yana wurin malamai da alƙalai, shi ne ilmin fara'ili, watau rabon gado. Ɗalibi ya kan same shi a cikin Risala ta Ibn Abi Zaidi mutumin Ƙairawan. Nan zai san nusufi da rubu'i da tumuni, da sulusi da sudusi, ya san kuma wanda ke da kowanne. Ga misali. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, dukiyarta kuwa wuri 42,000. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu. In aka kasa dukiyar kashi 6, miji na neman 3, su kuwa suna neman 4. Uku da huɗu bakwai, ga shi kashi shida kaɗai ke akwai. To, wa za a tauye? In aka fara cika wa miji, zai ɗauki 21,000, matan su tashi da 21,000 maimakon 28,000, asara duk ta faɗa kansu. Sai malamai suka bi hukuncin da aka yi tun zamanin Halifa Umaru, wanda a ke kira auli: a mai da kashin 7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Kowane kashi ya zama 6,000. Miji ya sami 18,000, kowace 'yar'uwa 12,000. Alƙalin da bai ƙware a wannan ba, ko da ba ya cin hanci, zai iya cinye haƙƙin marainiya da rashin sani kawai. Haka zakka ta ke da nata lissafi, ɗaya cikin arba'in na zinariya da azurfa in sun kai nisabi, abin da ɗan jami'a zai rubuta kashi biyu da rabi cikin ɗari.

Cikin malaman Katsina akwai wanda sunansa ya kai har Masar saboda lissafi, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya tafi aikin hajji, cikin 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina hatimi, watau gidajen lambobi da kowane layi, tsaye ko kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta yana da gida tara, daga 1 zuwa 9, kowane layi 15. Ya rasu a Alƙahira cikin 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan na Masar.

Da Turawa suka zo, sai lissafi ya koma takarda. A farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado cikin 1906, shi da Bature Palmer suka kafa Baitulmali, aka yanka wa Sarki da hakimai albashi daga haraji. Daga Katsina ne wannan tsari ya bazu zuwa sauran ƙasashen Arewa. Ma'aji da malamansa sai da suka koyi sabuwar ƙidaya mai wuyar sha'ani: anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Kowace tarawa sai an raba da sha biyu, sa'an nan a raba da ashirin, kuma kuskuren kwabo ɗaya ya isa ya hana malamin ofis tashi har magariba. Wannan wahala ba ta kau ba sai cikin 1973, da aka sake kuɗi aka mai da naira kwabo ɗari.