The Bobbettes: 'Yan Matan da Suka Yi Suna da Waƙar Malaminsu

The Bobbettes ƙungiyar mawaƙa ce ta 'yan mata baƙaƙen fata biyar daga unguwar Harlem ta Gabas a birnin New York na Amurka. Sun haɗu ne a ƙungiyar waƙa ta makarantarsu a 1955, kuma da farko ana kiransu Harlem Queens. Su ne Jannie Pought da 'yar uwarta Emma Pought, da Reather Dixon, da Laura Webb, da Helen Gathers. James Dailey, wanda ya zama manajansu, ya gan su ne a gasar sababbin mawaƙa ta gidan wasan Apollo, shi ne kuma ya kai su kamfanin faya-fayai na Atlantic.

Waƙar da ta fito da su, "Mr. Lee", su da kansu suka tsara ta a kan wani malaminsu da ba sa ƙauna. Asalinta zambo ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin Dandume ko Funtua da dare ya ji 'yan mata suna cusa habaici a cikin waƙar gaɗa, ya san irin wannan fasaha. Sai dai shugabannin Atlantic ba su yarda a saki zagin malami a faifai ba. Suka sa aka sauya baitocin, zambon ya koma bege, malamin da ake yi wa ba'a ya zama abin so.

Faifan ya fita a 1957, lokacin babu ko ɗaya a cikinsu da ta kai shekara 18. Ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin R&B na mujallar Billboard, ya kuma kai na shida a babban jerin ƙasar, abin da wata ƙungiyar 'yan mata ba ta taɓa haɗawa ba kafin su.

Daga nan kasuwa ta juya musu baya. Faya-fayan da suka biyo baya a Atlantic ba su yi tasiri ba. Da suka koma kan malamin da waƙar "I Shot Mr. Lee", wadda ta fi kusa da abin da ke ransu tun farko, kamfanin ya ajiye ta bai saki ba. Suka sake rera ta a wani ƙaramin kamfani mai suna Triple-X a 1960. Ganin ta fara karɓuwa, sai Atlantic ya zaro nasa ya jefa kasuwa, faya-fayai biyu na waƙa ɗaya suka shiga gasa da juna. Ta tsaya a matsayi na 52.

Helen Gathers ta fita daga ƙungiyar a farkon shekarun 1960. Sauran huɗun sun ci gaba da waƙa shekaru da dama, wani lokaci suna yi wa wasu mawaƙa amshi, amma ba su sake shiga sahun goman farko ba. Jannie Pought ta rasu a 1980, bayan wani mutum ya daɓa mata wuƙa a kan titi a Jersey City.