Taron Masu Shigar Dabbobi: Al'adar Da Aka San Ranar Haihuwarta

A dogon hutun shekarar 2024 Allah ya nufe ni da ziyartar yayana da ke karatu a birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka. Ran nan, wata Asabar a farkon watan Yuli, muka fita sayayya tsakiyar gari, sai muka tarar an tare hanya, jama'a sun yi dafifi gefe da gefe kamar masu jiran hawan salla. Ban ankara ba sai ga ayari ya kunno kai: kerkeci da dila da damisa da zomo, kowanne tsaye bisa ƙafa biyu, wani shuɗi wani kore, suna ta ɗaga wa yara hannu. Na ce, "Yaya, lafiya kuwa mutanen nan?" Ya yi dariya ya ce, "Lafiyarsu ƙalau. Kai da kake karatun tatsuniya, ai kai ya kamata ka yi mini bayani." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Washegari na biya kuɗin shiga na kutsa kai cikin taron, domin an ce gani ya kori ji. Abin da na gani da wanda na bincika daga baya shi ne nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina.

Su Wane Ne?

Waɗannan mutane suna kiran kansu "furry", wato mai gashi a jiki kamar kyanwa. Abin da ya haɗa su shi ne sha'awar dabbobin da aka ba su halin mutane, masu magana da tunani da sa tufafi, irin waɗanda ake gani a labarai da zane-zane da majigi. Kusan kowannensu yakan ƙirƙiro wa kansa dabba guda, ya raɗa mata suna, ya ba ta launi da hali, ta zama ita ce wakiliyarsa a cikin jama'arsu. Ba kowa ne ke da cikakkiyar shigar ba, saboda ɗinkin hannu ce, kuma takan ci dubban daloli. Mafi yawansu wutsiya ko kunnuwa kawai suke ɗaurawa, ko su rataya kati mai zanen dabbarsu.

Asalin Al'adar

Labarin dabba mai magana tsoho ne a ko'ina cikin duniya, amma wannan jama'a ba ta kai shekarun mahaifina ba. Ta samo tushe ne daga masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya da masu zanen barkwanci na Amurka, waɗanda suka tashi suna kallon finafinai irin su Robin Hood na kamfanin Disney na 1973, inda aka mai da jarumin dila. A 1976 wasu mazana biyu, Reed Waller da Ken Fletcher, suka kafa wata mujalla mai suna Vootie a birnin Minneapolis. Tsarinta kamar adashi ne: kowane mamba ya zana shafukansa ya aika, mai tarawa ya haɗa ya ɗinke, sannan ya aika wa kowa kofinsa ta gidan waya. Da ta mutu, sai Rowrbrazzle ta gaje ta a 1984.

A can jihar Kalifoniya kuma, a 1977, Fred Patten da Mark Merlino da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar kallon majigin zane na ƙasar Japan a birnin Los Angeles. Daga tsakiyar shekarun 1980 Merlino da Rod O'Riley suka riƙa kama ɗaki a otel a duk lokacin da ake babban taron masu labaran kimiyya, su gayyaci masu son zanen dabbobi su zo a yi hira a nuna wa juna aiki. Da ɗaki ya yi musu kaɗan, sai suka yanke shawarar yin taro nasu na kansu. An yi shi a watan Janairu na 1989 a wani otel a garin Costa Mesa, suka kira shi ConFurence, suka ba shi lamba sifiri domin gwaji ne. Mutum 65 ne suka halarta. Daga wannan ɗan zama duk tarurrukan yau suka fito.

Bunƙasa Da Tsangwama

Shigowar intanet ita ta faɗaɗa abin, domin wanda yake zaton shi kaɗai ne mai wannan sha'awa a garinsu sai ya tarar yana da 'yan'uwa a wata nahiya. A 1995 mutum 19 suka yi taron farko na Turai a arewacin Jamus, mai suna Eurofurence. Wanda na halarta kuwa, wato Anthrocon, an fara shi a 1997 a garin Albany na jihar New York, ya koma yankin Philadelphia, sannan ya zauna a Pittsburgh daga 2006. Wani masanin ilmin haɗa sinadarai, Dokta Samuel Conway, shi ya karɓi shugabancinsa tun yana ƙarami ya raine shi.

Sai dai bunƙasar ta zo da nata ciwon kai. A 2001 mujallar Vanity Fair, sannan a 2003 wani shirin talabijin mai suna CSI, suka nuna wa duniya mutanen nan a matsayin 'yan lalata da ba su da wani aiki sai alfasha. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai wani sashe na zane-zanensu da kunya ba za ta bar ni in bayyana ba, kuma ba abin da zan so a kawo mana gida ba ne. A wurin taron rufe shi ake yi, sai baligi ake bari ya duba. Amma ɗaukar wannan sashe a ce shi ne dukkan al'adar zalunci ne. Ƙiyayyar ma ba ta tsaya a baki ba. A watan Disamba na 2014 wani ya zuba gubar kulorin a otel ɗin da ake taron Midwest FurFest kusa da birnin Chicago, aka kwashi mutum 19 zuwa asibiti.

Abin da ya wanke su a idon jama'a halinsu ne na yau da gobe. Yawancin tarurrukansu sukan tara kuɗi a ba wata ƙungiyar kula da dabbobi. A 2012 da suka ji wani mai gidan abinci a Pittsburgh zai rufe saboda bashi, suka haɗa masa sama da dala 20,000. A 2016 kuma taronsu na yankin Vancouver a Kanada ya faɗo otel ɗaya da 'yan gudun hijirar Siriya, aka ga yaran da suka tsero daga yaƙi suna rawa da rungumar waɗannan manyan dabbobi. Annobar korona ta hana taron Pittsburgh a 2020 da 2021, amma a 2024 sama da mutum 17,000 suka yi rajista, kuma sama da 3,000 suka fito cikin ayarin da ya tare mana hanya.

Abin Da Na Gani

Babban zauren taron kasuwa ce sosai: mazana, maɗinka, marubuta, kowa da teburinsa. Akwai ɗakunan lacca kan ɗinki da rubutu, akwai gasar rawa. Mai cikakkiyar shiga ba ya gani sosai, zafi kuma yana dafa shi, don haka yakan tafi da ɗan rakiya mai riƙe masa ruwa. Akwai ɗaki na musamman mai fankoki inda suke tuɓe kawunan su sha iska, ba a ɗaukar hoto a ciki. Ba a taɓa mai shiga sai da izininsa.

A nan na haɗu da wani saurayi mai rataye da katin kura. Ya gaya mini shi mutum ne mai tsananin jin nauyin jama'a, amma da zarar ya sa kan kurarsa sai ya iya rawa gaban dubu. Na ce masa a tatsuniyoyinmu Kura ita ce sarauniyar kwaɗayi da tsoro. Ya ji daɗi ƙwarai, ya roƙe ni in ba shi guda. Na ɗauko wata ta Gizo da Kura da kakata ta sha yi mana, na kai tsakiya, sai ƙarshenta ya ɓace mini ƙaf. Na yi ta kame-kame. Shi kuwa da na tambaye shi asalin al'adarsu, nan take ya zayyano mini sunaye da shekaru. Na fito ina jin kunyar da ban taɓa ji a ɗakin jarrabawa ba.

Darasi Gare Mu

Dalilin da ya sa saurayin nan ya san tarihinsa shi ne an sami wanda ya rubuta. Fred Patten ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a 2005, amma daga kan gadon jinya, da hannu ɗaya, ya ci gaba da aiki har ya fitar da littafin tarihin tarurrukan nan daga 1989 zuwa 2015. An buga shi a 2017, shi kuma ya rasu a 2018. Merlino ya bi shi a 2024.

Mu ma ba baƙin shigar dabbobi ba ne. Maharbinmu yakan ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe ya yaudari namun daji. Yaranmu sukan yi shigar biri a tashe. Wasan Dodo da yaran Wagadugu ke yi da fuskokin dabbobi a watan azumi, fataken Hausawa ake danganta wa kai shi can. Ban ce abin ɗaya ne ba: namu na sana'a ne ko na lokaci, an gaje shi, na kowa da kowa, nasu kuwa mutum ne ke ƙera wa kansa dabbarsa ya zauna da ita shekara da shekaru. Amma tushen ɗaya ne, wato ɗan Adam yakan ari bakin dabba ya faɗi abin da nasa ya kasa faɗa.

Magabata sun yi nasu ƙoƙari. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi, aka buga su tsakanin 1911 da 1913, Abubakar Imam ya ba aku muƙamin waziri a Magana Jari Ce, Ibrahim Yaro Yahaya ya bar mana Tatsuniyoyi da Wasanni. Saura mu. Tashe yana ja da baya a unguwanninmu, masu tatsuniya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma wayoyin da ke aljihunmu sun fi duk na'urar da magabatan nan suka taɓa riƙewa. Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce, a hutu mai zuwa kowane mamba ya ɗauko tatsuniya ɗaya ko wasa ɗaya daga garinsu, da sunan garin da shekarar da ya ɗauka, mu haɗa mu ɗinke kamar yadda 'yan Vootie suka yi. Ni dai na fara biyan nawa zubin. Da na dawo gida, wurin kakata na fara zuwa da littafi da alƙalami. Ta yi mini dariya ta ce, "Wato sai da ka je Amurka ka tuna da Kura?" Sannan ta ƙarasa mini tatsuniyar.