Bakwaini a Filin Wasa: Shekara 40 'Yan Kallo Suna Biyan Kuɗin Jinya

Daga 1903 zuwa 1943, duk wanda ya je wuraren shaƙatawa na Coney Island a birnin New York yana iya biyan santi 25 ya shiga wani ɗaki mai tsabta, ya kalli jarirai bakwaini kwance a cikin kwalba. Da wannan kuɗin ƙofa ake biyan ma'aikatan jinya da mata masu shayarwa. Iyayen jariran kuwa ba a karɓar ko sisinsu.

Asalin kwalbar daga Faransa ne. Wajen 1880 likitan haihuwa Stéphane Tarnier ya ga injin ƙyanƙyasar ƙwai a gidan namun dajin Paris, sai ya sa aka ƙera irinsa domin jarirai, saboda ya lura sanyi ne ke kashe bakwaini da yawa. Amma na'urar tana da tsada, kuma tana bukatar mai kula dare da rana. Asibitocin Amurka suka yi ta jan ƙafa. A lokacin ma akwai likitocin da ke ganin jaririn da ya zo da rauni bai cancanci a wahala a kansa ba.

Wannan giɓi ne Martin Couney, wani baƙo daga Turai, ya cike. Ana kiransa likita, ko da yake masu bincike ba su samu shaidar ya kammala karatun likitanci ba. Duk da haka ya tsananta tsabta, ya nace a kan nonon uwa, yana sallamar duk mai shayarwar da aka kama da taba ko giya. Yana karɓar jarirai ba tare da duba launin fata ko arzikin iyaye ba. 'Yarsa Hildegarde ma bakwaini ce, kuma ta girma ta yi aikin jinya tare da shi. A ƙiyasinsa, cikin jarirai kusan 8,000 da aka kawo masa, kimanin 6,500 sun rayu.

Masu suka sun ce ya mayar da 'ya'yan talakawa abin kallo, kuma sukar tana da tushe. A bajekolin St. Louis na 1904, wasu da ba su san aikin ba sun kwaikwayi tsarin, cuta ta ɓarke, jarirai da dama suka mutu. Inda babu doka kuma babu mai sa ido, ran jariri ya dogara ne kacokan ga halin mai rumfar.

Sannu a hankali asibitoci suka karɓi nauyin. Julius Hess ya buɗe sashen bakwaini a asibitin Sarah Morris na Chicago a 1922, ya kuma haɗa hannu da Couney a bajekolin birnin na 1933. A 1943, shekarar da asibitin New York na jami'ar Cornell ya buɗe nasa sashen, Couney ya rufe rumfarsa. Ya rasu a 1950, ba tare da ya bar dukiya ba.

Kuɗin 'yan kallo ya ceci rayuka, amma bai gina sashe ko ɗaya mai ɗorewa ba. Sai da asibitoci suka sa jinyar bakwaini cikin kasafin kuɗinsu sannan ta zauna da gindinta. Har yau gidauniyoyin asibiti na neman gudummawa da hoton jariri a kwalba. Tambayar da aka yi wa Couney tana nan a kansu: me ya sa sai an nuna jariri kafin a biya kuɗin jinyarsa?